Ruwan Jegon Mairama

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ƙaga rai a cikin duhun mahaifa ba da shawarar kowa ba, wanda Ya rataya kowane al'amari ga sababinsa, babba ne ko ƙarami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, haifaffen wannan kwari mai alfarma, da alayensa da sahabbansa. Ya Ubangiji, Ka daidaita alƙalamina a kan gaskiya.

Bayan haka, a shekara ta dubu da ɗari uku da sittin da biyu bayan Hijira, yaƙin Turawa ya tsayar da jiragen ruwa, alhazai suka yi ƙaranci, Makka ta shiga ƙunci irin wanda tsofaffinta suka ce sun jima ba su gani ba. Mu Hausawan unguwar Tandabawi, waɗanda Larabawa ke kira Takari, mun fi kowa jin jiki, domin abincinmu na shekara daga hidimar alhazai yake fitowa. Ruwa ma ya janye. Bazan ɗin unguwarmu, wato wurin da ake ɗiban ruwan gari, ya koma zuba siriri kamar bakin buta.

Ni ake kira raɗin suna a unguwar. A da, da wuya mako ya wuce ban zauna a ƙofar wani gida da hantsi ba, ana raba dabino ana fatiha. A wannan shekara kuwa, daga Rajab zuwa Rajab, sau uku kacal aka kira ni.

Hukuma ba ta gafala da haka ba. Akwai wani ma'aikaci mai kula da rabon garin alkama ga matalauta, mutum siriri mai tabarau, muna ce masa Afandi. Tun shekarar da ta gabata ya lura cewa a gidajenmu akwai yara masu tafiya da yawa, amma jarirai sai ɗaiɗai. Ya tara mu dattawa ya tambaye mu dalili. Ni na yi magana a madadin jama'a, na ce yunwa ce, idan aka ƙara wa kowace mai shayarwa mudu guda a mako, mata za su sami ƙarfin zuciya. Ya rubuta, aka amince, aka fara bayarwa. Shekara ta zagayo, haihuwa ta ƙara raguwa. Muka ce ƙaddara ce, muka ƙara yawan addu'a.

Wata rana bayan la'asar, Sabo ɗan garuwa ya zo ya durƙusa a bakin shimfiɗata. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, sandar ɗaukar garwa ta yi masa kanta a wuya. Shekara tara da aurensa da Mairama, ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, Mairama na da ciki. Wata shida."

Na ɗaga hannu zan yi hamdala, sai na ga idonsa ya cika da hawaye.

"Kukan murna ne wannan, Sabo?"

"Malam, ta raba kayanta. Ta ce wa maƙwabciyarmu ta ɗauki tukunyarta idan ta cika. Shekara tara tana riƙe da tufar Ka'aba tana roƙo, yanzu an ba ta, kullum sai kuka. Ta ce mutuwar yayarta Hajara za ta yi."

Na san Hajara, ni na yi mata salla shekara biyu da suka wuce. Ta haihu lafiya, ta kumbura, bayan mako biyu ta rasu. Abin da ban sani ba shi ne abin da mata suka ɗauka game da mutuwar. Na ce wa Sabo ya kira mini Baraka ungozoma.

Baraka tsohuwa ce Bazazzagiya, ta zo Makka da ƙafa tun ina saurayi, kuma rabin mutanen unguwar ita ta yanke musu cibi. Da yake ni Bakano ne, ba ta taɓa gaishe ni ba tare da tsokana ba. Ta zauna nesa kaɗan, ta gyara mayafi.

"Yau kuma Bakano ya tuna da mu? Ko littattafan sun ƙare?"

Na ce, "Iya Baraka, bar wasa. Me ya kashe Hajara a wurinku?"

"A wurinmu? Kwana shida ta yi wankan jego, ruwa ya gagara, itace ya gagara. A rana ta bakwai ta fara kumburi. Bayanta matar mai gyaran takalma, kwana goma ta samu, ita ma ta bi ta. Kai ka sallace su duka, ba ka tambaya ba."

Wankan jego al'adar ƙasarmu ce da iyayenmu mata suka ɗauko a ka har nan. Mace idan ta haihu, sai a tafasa ruwa a babbar tukunya safe da yamma, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa mata a jiki, har kwana arba'in. A can gida da ganyen runhu ko tsamiya ake yi, a nan da magarya. Kowane wanka yana cin garwa biyu da ɗaurin itace. Matanmu sun yi imani cewa wadda ba ta cika shi ba sanyi zai shige ta.

Na ce, "Ai na sha faɗa a wa'azi, wannan ba farilla ba ce, ba sunna ba ce. Matan Larabawa ba sa yi, kuma ga su da ransu."

"To, ka je ka haihu irin na Larabawa mu gani. Kana ta wa'azi, mu muna ta wankan gawa. Bari in tambaye ka, mai ilmi. Yaushe rabonka da jin an yi yaye a unguwar nan?"

Na yi tunani, ban tuna ba.

Ta ce, "Ɗan maƙwabcinka shekararsa huɗu, yana zuwa aike har unguwar Misfala, ya dawo ya kama nono. Babu komai a ciki, tsotso ne kawai don a gani. Ka san dai mijin mai shayarwa ba ya kusantar ɗakinta, don kada nono ya ɓaci. To, kowace mace ta ga abin da ya sami Hajara, sai ta riƙe goyonta ya zama mata katanga. Da can mazan na matsawa a yaye. Sai ga wani babban malami ya je ya roƙo wa mai shayarwa mudun gari. Yanzu wane miji ne zai ce a yaye, mudu ya fita daga gidansa? Mata sun gode maka, Bakano. Har addu'a suke yi maka."

Wallahi ban taɓa jin ƙanƙantar ilmina kamar a wannan zama ba. Shekara guda ina neman sababi a sama, ashe yana zaune a bayan katangata yana wasan ƙasa.

Ta sassauta murya ta ce, "Mairama ba ta da goyon da za ta fake da shi, shi ya sa nata ya shiga. Kuma duk matan Tandabawi ita suke kallo. In ta yi arba'in ta fito da ƙafarta, za ka ji kukan yaye. In ta bi Hajara, ka naɗe tabarmar raɗin sunanka."

Sabo ɗan garuwa ne, amma bai fi ƙarfin ruwan ba. A bazan bi da bi ake yi, mutum ya tsaya tun asuba, da ƙyar ya sami sahu uku kafin magariba, kowane sahu garwa biyu, kuma da waɗannan sahu ukun yake ci da gidansa. Idan biyu suka tafi wanka, mai jego za ta yi wanka da yunwa.

Washegari da hantsi muka tafi wurin Afandi, ni da Baraka. Ofishinsa ɗaki ne ƙarami a bayan rumbun gari, da tagar katako mai ƙananan ƙofofi. Na yi masa bayani da Larabci, tun daga wanka har zuwa yaye. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ya Shaikh, a Makka? A cikin wannan zafin da ƙwai ke dahuwa a kan dutse? Kuna dafa matanku sau biyu a yini?"

Baraka tana jin Larabci fiye da yadda take nunawa. Ta ce, "Gaya masa ba ma cinye su, muna mayar wa mazansu."

Na gaya masa, ya yi dariya har ya yi tari. Sa'an nan ya ce yana da aboki likita, kuma ya tabbata likitan zai ce wannan wanka ya fi kusa da cuta fiye da magani.

Ta ce, "Likitan haihuwarsa nawa?"

Na fassara, na sassauta lafazin. Ya ce in bar sassautawa, ya fahimta. Ya juyo gare ni ya ce, "Ina tambayarka don Allah. Wannan abu addini ne?"

Na ce, "Ba addini ba ne."

"To, ka hana su mana."

"Na yi shekara biyu ina faɗa, ya Afandi. Sun saurare ni da ladabi, suka koma gida suka ƙi yaye."

Ya jawo takardar da ya rubuta bara a kan mudun masu shayarwa, ya shimfiɗa ta a gabansa. Layi uku ne kawai da hatimi. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "La haula wa la ƙuwwata illa billah. Na rubuta wannan bayan na sha shayi, ban ko sake karantawa ba. Kana nufin akwai rayukan da wannan takarda ta tsayar a bakin ƙofa?"

Na ce, "Babu ran da zai zo ko ya fasa sai da izinin Allah. Amma ni da kai mun zama sababi, kuma za a tambaye mu."

Ya ce, "To, in janye mudun?"

Baraka ta ɗaga hannu. "A'a! Ka janye, yara su mutu? Ka ba yaro, kada ka ba nono. An yaye shi, ba a yaye shi ba, mudunsa na nan har ya shekara biyar. Sa'an nan ruwa. Ba kyauta muke roƙo ba. Wanda ya zo ɗibar wa mai jego, a bar shi ya wuce gaba, kwana arba'in. In da hali a haɗa da itace."

Ya rubuta duk abin da ta faɗa, kalma bayan kalma, kamar ɗalibi a gaban malami. Ya ce, "Ya Hajja, ni ban yarda da wankanku ba, kuma ba zan rubuta cewa magani ne ba. Zan rubuta cewa matan nan ba za su haihu ba sai da shi, domin wannan na gani a lissafin gidajenku. Gari a hannuna yake. Ruwa da itace ba nawa ba ne, sai na kai sama. Yaushe haihuwar?"

Ta ce, "Sha'aban, in Allah ya so."

Haihuwar ba ta jira Sha'aban ba. Saura kwana goma sha biyu Rajab ya ƙare, da rana tsaka, Mairama ta sauka, namiji, ƙarami amma mai ƙarfin kuka. Takarda kuwa ba ta dawo ba.

Baraka ta ɗora tukunya a ranar. Sabo ya zuba sahu biyu a ciki, ya sayar da ɗaya. Kwana uku aka yi haka, itacen da ya tara ya ƙare. Ya cire ƙyauren ɗakinsa ya faskara. Da ƙyauren ya ƙare ya faskara gadonsu, suka koma tabarma. A rana ta biyar ruwan bazan ya ƙara janyewa, ya yini a tsaye ya dawo da sahu ɗaya tak.

A nan na ga abin da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi. Bayan la'asar ina zaune a ƙofar masallacinmu, sai ga mata suna fitowa daga lunguna ɗaya bayan ɗaya, kowace da moɗa ko kwano a rufe a ƙarƙashin mayafi, suna tafiya a hankali don kada ya zube. Ruwan shan gidajensu ne suka rage. Babu wanda ya umarce su, ba sa ko magana da juna. Kowace ta shiga gidan Sabo ta juye a tukunya ta fito. Na ƙirga har talatin da bakwai, na daina don hawaye ya rufe mini ido. Garwa biyu ta cika daga moɗa.

Ranar suna na raɗa wa yaron Lurwanu. Babu rago, sai dabino. Baraka ta fito ta ja ni gefe, wannan karon babu tsokana.

"Ƙafarta ta ɗan tasa. Ban sani ba ko kumburi ne ko tsoro ne. Ta daina cin abinci, ta ce in kai yaron wurin wata ya saba. Moɗa ba za ta kai mu arba'in ba, Malam. Yaran mutane sun fara kukan ƙishi."

Na koma wurin Afandi. Ya ce takardar tana hannun na uku cikin mutum huɗu da za su sa hannu. Ya rufe ofishinsa, ya ɗauki lema, ya ce shi da kansa zai je ya zauna a ƙofar mutumin. Na ji daga baya cewa yini biyu ya yi yana zaman.

A rana ta tara da safe, umdan unguwa, wato mai unguwarmu, ya zo bazan tare da mai shela. Aka karanta: duk ɗan garuwan da ya ɗaura jan ƙyalle mai hatimin umda a sandarsa, ruwan mai jego yake ɗiba, ya wuce gaba sau biyu a yini har kwana arba'in. Gidan mai jego yana da ɗaurin itace biyu kullum daga rumbun hukuma. Mudun gari kuma na yaro ne har ya cika shekara biyar.

'Yan garuwa sun fi sittin a wurin, Yamalawa da Takari da wasu, kowa ya gaji da tsayuwa. Na ji tsoron rigima. Umda ya ɗaura wa Sabo ƙyallen, Sabo ya tsaya ya kasa ɗaga ƙafa don kunya. Sai wani tsohon Bayamale da ke kan gaba, wanda ya kai sa'a uku yana jira, ya janye garwarsa daga bakin ruwa ya ce, "Tafaddal, ya abu Ridwan," wato bismilla wuce, baban Lurwanu. Mutanenmu suka ɗauka da sowa, "Angon ƙarni, wuce! Wuce, kada ruwan ya huce tun bai tafasa ba!" Layin ya tsage biyu, ya bi ta tsakiya yana sharar ido da gefen rawaninsa.

Daga ranar, duk asuba in na fito daga masallaci sai in tsaya in dubi gidan Sabo. Tururi fari yana tashi daga bayan katangarsa, yana hawa a gaban baƙaƙen duwatsun nan da ba su taɓa fitar da ciyawa ba, ƙamshin magarya ya cika lungu. Nakan tsaya ina mamakin Ubangijin da Ya tara mutane a kwarin da babu shuka babu kogi, Ya kuma ci gaba da fitar da jarirai a cikinsa tsawon zamanai, wani lokaci ta hanyar ruwan sama, wani lokaci ta hanyar hatimin wani bawa mai tabarau wanda bai ma yarda da abin da ya sa wa hannu ba.

Ƙafar Mairama ta saɓe a cikin mako na biyu. Ta koma cin abinci, ta sha kunun kanwa, ta karɓi ɗanta. Ko wankan ne ya saɓar da ita, ko kwanciyar rai, ban sani ba, kuma ban yi da'awar sani ba.

Arba'in ɗinta ta cika saura kwana biyu a ga watan azumi. Ta yi tsarki, ta goya Lurwanu, ta nufi Harami da hantsi, Baraka na biye da ita da sanda. Ni ma ina can. A shekarun nan filin ɗawafi kusan fayau yake, sai tantabaru da mutane ƙalilan, har kana jin sautin tafin ƙafa a kan dutse. Na ga matan Tandabawi sun cika inuwar rumfuna ta ɓangaren ƙofar da muke shiga, kowace da ƙaton yaro a gefenta, sun zuba ido. Mairama ta kewaya sau bakwai da ƙafarta, ba ta dafa kowa ba. Da ta gama ta matsa jikin Ɗakin, ta kwanto yaron, ta ɗaga shi da hannu biyu a gaban baƙar tufar nan. Yaron ya yi atishawa. Wata mata a cikin rumfa ta fashe da kuka, saura suka kama.

Baraka ta biyo ta kusa da ni a kan hanyar fita, ta ce, "Bakano, ka nemi auduga ka toshe kunne."

Bayan sallar azumi da kwana uku aka fara. Mai sayar da sabir, wato abin ɗacin da ake shafa wa nono, ya sayar da na shekara a yini biyu. Yara fiye da talatin aka yaye a mako guda, aka rarraba su gidajen tsofaffi. Da rana tsaka unguwa ta ɗauki kuka daga wannan dutse zuwa wancan, har limaminmu ya yi ta ɗaga murya a sallar azahar. Wasu yaran da bakinsu suke kai ƙara, ɗaya ya zo har shimfiɗata ya ce in yi wa innarsa faɗa. Ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

A shekarar da ta biyo na raɗa suna goma sha tara. Ba duka suka rayu ba, kuma cikin iyayen akwai wadda ta cika wankanta sarai amma ajali ya ɗauke ta. Mairama ta rayu, ta ƙara haihuwa huɗu, ta ga jikokinta.

Ya Allah, Ka ji ƙan Baraka da Sabo da Mairama da Hajara, da wannan ma'aikaci da ya ji tsoron alƙalaminsa, da dukkan matan da suka cika a kan gwiwa ko a cikin jego, Ka yalwata musu makwanci, Ka shayar da su daga tafkin AnnabinKa. Wanda ya karanta wannan kuma, Ka gafarta masa da mahaifansa, Ka albarkaci zuriyarsa, in kuma Ka ɗora masa al'amarin mutane, Ka ba shi kunnen sauraron na ƙasa da shi. Amin.